Ranar da Baba Ya Manta Baƙin Mai

Har yau, in an zauna hira a unguwarmu a Birnin Gwari aka zo kan tsufa da abin da yake yi wa mutum, sai wani ya jawo zancen mahaifina. Wai ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari, amma ya tayar da mota babu baƙin mai a cikinta har injin ya buga. A yi dariya, a ce Allah ya sa mu gama da hankalinmu. Ni kuwa sai in haɗiye abin da ke bakina, ni da ba a san ni da haɗiye magana ba. Baba bai manta komai ba. A takarda kaɗai zan iya faɗin haka, shi ma ba da sunan kowa ba.

Motar jif ce irin ta da, gajeriya, fitilunta biyu a matse kusa da juna, safayar taya a kwance kan bonet, rufinta tamfol. Ofishin gandun daji ne ya kawo ta da 'yan'uwanta tun ba a haife ni ba, lokacin da ake shata iyakar daji ana kafa duwatsu. A jikinta Baba ya fara aiki yana karen mota, a jikinta ya zama direba. Da ita ya kai ma'aikata kashe gobarar daji, ya ɗauko dashen itatuwa, ya bi sawun masu satar katako ta hanyoyin dajin Kamuku da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga. Da ofis ya gaji da motocin ya yi gwanjonsu, Baba ya sayar da shanun huɗarsa ya saye ta, ya kawo ta ƙauyenmu a yankin Kakangi. Inna, Allah ya jiƙanta, ta daɗe ba ta huce ba. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ci tuwon mota ba.

'Yan'uwan motar ba su yi tsawon rai ba. Bodinsu alminiyam ne, ba ya tsatsa, kuma abin da masu narka tukwane ke nema ke nan. Ɗaya bayan ɗaya aka farfasa su, 'yan gwangwan suka kwashe ƙarfen, maƙera suka narke sauran. Ba mamaki akwai matar da ke tuƙa tuwo yau a cikin ƙofar ɗaya daga cikinsu ba ta sani ba. In Baba ya ji an kusa fasa wata, sai ya hau keke ya je ya roƙi abin da zai iya ɗaukowa, ko fitila, ko kafireto, ko 'yan notuna. Rabin zaurenmu kayan matattun motoci ne.

Yadda yake kula da ita kuwa, da haka ya kula da mu da mun fi haka ƙiba. Rumfa ya yi mata ta musamman, ya kewaye da zana. Ba ya barin tayoyinta su kwana a ƙasa sai a kan katako, wai sanyin ƙasa na cin roba. Man kaɗanya yake shafa wa igiyoyin fatar da ke riƙe ƙofofi. Tamfol ɗin in ya yage, baduku yake kai wa. Ya ajiye kyanwa don kada ɓeraye su ci wayoyi, kuma kyanwar ta fi mu daraja a gidan. Batirin ya daɗe da raunana, saboda haka da wani lanƙwasasshen ƙarfe yake tayar da ita, ya zura ta gaba ya murɗa. Kowace Juma'a da hantsi zai zaro sandar awon baƙin mai, ya goge a gefen rigarsa, ya mayar ya sake zarowa, sannan ya murɗa ta ta tashi, ya bar ta ta yi ɗumi. Ya ce mota kamar doki ce, zama ne ke kashe ta.

Ba don ado ya ajiye ta ba. In damina ta yi nisa rafinmu ya kawo, hanya ta zama taɓo, motar Baba kaɗai ke fita. Akwai wata ƙaramar sanda mai jan kai kusa da giya, in ya ja ta ƙafafun nan huɗu duk su kama, motar ta riƙa tafiya a hankali tana gurnani har ta haye. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko gawa, ta kai amaren Musulmi da na Kirista ɗakunansu. Tuƙinta kuwa sai shi. Giyarta ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu ana sauraron injin. Samarin ƙauye da yawa sun gwada, suka sauko suna zufa, ita kuma tana kuka kamar ana niƙa tsakuwa.

Wata shekara wani mutum ya zo takanas daga Kaduna, da farar shadda da ƙamshin turare, ya zagaya ta yana ɗaukar hoto da waya. Ya leƙa lambar da ke jikin ƙarfen, ya ce irinta kaɗan suka rage masu tafiya da injinsu na asali, har a ƙasashen waje akwai masu nemansu su gyara su adana kamar kayan tarihi. Ya taya. Baba ya ba shi ruwa, ya ba shi gyaɗa, ya raka shi bakin hanya, ya ce ya gai da gida. Na yi faɗa ranar har maƙwabta suka leƙo. Na ce da kuɗin da aka taya zai yi gida a cikin gari ya huta.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana, "in na sayar, ranar da matar wani ta fara naƙuda a tsakiyar damina, hoton za a hau?"

Duk da haka ban huce ba. Da na san abin da ke tafe, da na yi masa kuka da birgima har ya sayar.

Abin da ya sami dajinmu ba sai na ba mutumin Birnin Gwari labari ba. Ga wanda bai sani ba, 'yan bindiga ne suka shiga dajin suka zauna, suna fitowa a kan babura su kwashi shanu, su ɗauki mutane sai an fanshe su. Mu ba ma kiransu da wannan suna da ƙarfi. Mutanen daji muke cewa, ko mutanen nan. Wasu ƙauyuka suka watse. Namu ya zauna bisa wani irin zama da ba shi da suna: su bar mu mu yi noma, mu kuma ba mu gani ba, ba mu ji ba. Ni a cikin gari nake koyarwa, can aurena yake, amma tun rasuwar Inna nakan je ƙauye in yi kwana biyu wajen Baba in hutu ya samu. Na yi na yi ya dawo wurina ya ƙi. Ya ce gidan hayarmu ba shi da wurin rumfa.

A irin wannan zuwa ne, farkon damina, na fito da safe zan share ƙofar gida na tarar da jarka a jingine da zanan rumfa. Shuɗiya ce, cike taf da fetur. A lokacin an hana sayar da mai a jarka a yankinmu, don kada ya kai daji. Baba kansa da kwalba yake samun na ranar Juma'a, a ɓoye. Na kira shi. Ya buɗe murfin ya sunsuna, ya rufe, ya dubi ƙasa. Sawun babur ne ya zo, ya juya, ya koma ta hanyar rafi. Ba mai zama ta hanyar rafi sai su.

"Wataƙila ajiya wani ya yi," in ji Baba.

"Ajiya a ƙofar mai mota? Baba, banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ya ce in rage murya. Muka ja jarkar cikin rumfa muka rufe da buhu. Mayarwa ba ta yiwuwa, don wa za ka mayar wa? Kai ƙara kuwa, kafin ka dawo gida labari ya riga ka isa daji. Barinta a gida ma wata masifar ce, domin in 'yan sa-kai, samarin da ke gadin garuruwa da bindigogin toka, suka ga fetur haka a gidan mutum, sunansa infoma, kuma ba sa tsayawa dogon bincike. Gaba kura, baya siyaki.

Ba a jima ba batir ya zo, sabo a ledarsa. Shi ma da safe aka tsince shi. Na koma gari, na kasa zama, na dawo. Washegarin dawowata muka wayi gari da tayoyi huɗu a jere, sababbi fil, har da ɗan gashin nan na roba. Wannan ne ya fi tsorata ni. Baba ya yi shekaru yana neman irin wannan taya bai samu ba, nasa duk faci ne a kan faci. Lambar da ke jikin sababbin daidai take da ta tsofaffin. Ke nan wani ya shiga rumfar nan, ya durƙusa, ya karanta, mu muna ɗaki ko muna gona.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne Gbagyi, Kirista, abokin Baba tun suna samari. Gonarsa ce ta ƙarshe kafin daji, saboda haka shi ake tsayarwa in ana son saƙo ya shigo ƙauye. Da yamma ya yi sallama, bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa ba.

"Abokina, sun tare ni a gona," ya ce da Baba. "Sun ce a gaishe da mai mota. Wai kaya sun cika ko da saura?"

"Me suke so da ita? Ba ga baburansu ba?"

"Babur ba ya ɗaukar abin da suke son ɗauka in ruwa ya sauka. Ban tambaya ba, kai ma kada ka tambaya. Sun ce ka haɗa ta, in rafi ya kawo za su aiko. Kuma sun san ba mai tuƙa ta sai kai."

Na ce to mu gudu da ita cikin gari gobe da sassafe. Dattijon ya dube ni kamar ban taɓa kwana a ƙauye ba. "'Yata, ku kun tsira. Mu da za mu kwana a nan fa? Sun zuba kayansu, mota ta gudu, wa zai biya?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu ba mu ci ba, a ƙofa aka ajiye mana.

Abin da nake tsoro a fili yake. Wanda ya shiga dajin nan yana tuƙa musu mota ya ga mazauninsu, ya ga fuskokinsu, ya ga abin da aka loda. Irin wannan ba a sallamarsa. In ma ya fito, mutanen gari ba za su bar shi ba. Baba kuwa ga hawan jini, ga ido ɗaya ya fara hazo.

Da safe na leƙa rumfa na same shi zaune a kan kututture, ya jingina taya ɗaya a gwiwarsa yana bin zanenta da yatsa. Fuskarsa irin ta yaron da aka ɗinka wa kayan sallah. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Baba, sha'awa suke ba ka? Likkafaninka fa aka aiko maka."

Bai ɗago ba. "Uwata, tun tana hannun ofis rabonta da sabuwar taya huɗu lokaci guda." Sannan ya ce, "Bar ni in ga yadda za su zauna mata."

Na fita na bar shi, don kada in faɗi abin da ɗiya ba ta faɗa wa uba.

Ya yaye zanan gaban rumfar yadda duk mai wucewa zai gani. Ya ɗaura tayoyin, ya sa batir, ya wanke ta, ya goge gilashi da toka. Mutane na wucewa suna kauda kai, wasu suka daina yi masa sallama. Wata la'asar shugaban 'yan sa-kan yankin ya tsaya a ƙofa da bindigarsa a kafaɗa, ya daɗe yana kallon ƙafafun motar. Ya ce, "Baba, an yi sababbin takalma ke nan." Baba ya ce eh. Ya ce, "To, Allah ya sa a kashe lafiya," ya wuce bai waiwayo ba. Ruwa kuwa kusan kullum sai ya sauka. Da safe nakan ɗauki bokiti kamar zan yi wanki, in je in ga inda rafi ya kai a jikin dutse. Kullum sai na tarar ya ɗan ƙaru.

Ranar kasuwarmu da hantsi Baba ya mayar da zanan, ya kira ni ciki, ya miƙo mini wani tsohon kwano. "Riƙe nan." Ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar da sifana, ya kwance notin da ke ƙasan injin. Baƙin mai ya zubo, mai kyau, don bai daɗe da juye shi ba. Na zaci sabo zai zuba. Ya jira har ɗigon ƙarshe, ya mayar da notin ya ɗaure, ya goge wurin da tsumma. Ya ce in kai kwanon in juye a masai, in wanke shi da toka. Sai a lokacin na gane.

"In na fasa ta da guduma sun san da gangan ne, ƙauye zai biya," ya ce a hankali. "In na ce ta ƙi tashi za su aiko mai dubawa. Amma in ta mutu a gaban kasuwa da tayoyinsu a ƙafarta, tsoho ya manta mai, to tsufa ba laifin kowa ba ne."

"Baba, za a yi maka dariya har ka mutu."

"Wanda ake yi wa dariya yana gida ke nan. Shiga mu je."

Da sabon batir ko ƙarfen murɗawa bai ɗauko ba, yana taɓa ta ta tashi. Ban taɓa jin ta tashi da sauƙi haka ba. Muka fito a hankali, yara na bin mu da ihu. Ya bi ta bayan makaranta, ya zaga ta gaban coci, ya hau burjin da ya nufi kasuwa yana ɗaga wa mutane hannu. Akwai wata 'yar fitila kusa da sitiyari da ke kamawa in mai ya yi ƙasa, ya cire hularsa ya rufe ta. Tayoyin sun zauna mata, wannan kam ba ƙarya. Sai wani ƙara ya fara daga ƙasa, ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya riƙa ƙaruwa. Ƙauri ya shigo. Na dubi Baba. Hawaye na bin gemunsa, bakinsa na motsi, hannunsa kuwa bai daina gaisuwa ba. Mutumin da in ta yi tari sau ɗaya sai ya tsaya ya buɗe bonet, shi ne ya ƙara taka totur. A bakin kasuwa, daidai rumfar masu rake, ta yi wata irin ƙara, ta girgiza, ta tsaya cik.

Mutane suka taru. Baba ya share fuska da hula, ya fito ya buɗe bonet, hayaƙi ya tashi. Ya zaro sandar awo ya ɗaga sama kowa ya gani, a bushe ƙamas. Ya dafe kai.

"Innalillahi. Na juye tsohon, na manta ban zuba sabo ba."

Aka yi salati, aka yi jaje, sannan daga can baya wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Wani ya ce tsufa ba ya sallama. Na tsaya ana cin mutuncin ubana a gabana ban ce uffan ba. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba.

Saura shaida. Maganar tsoho kaɗai ba za ta isa daji ta zauna ba, sai bakanike ya duba ya ce ta mutu a gaban mutane. Baba ya sa aka kira wani bakanike daga cikin gari, wanda a hannun Baba ya koyi riƙe sifana, yanzu yana da garejinsa da mata da 'ya'ya. Ba a faɗin irin wannan magana a waya, saboda haka bai san komai ba. Niyyar Baba ya ja shi gefe in ya iso. Amma ya iso bayan la'asar kasuwa ba ta watse ba, kafin ya kafe babur mutane sun kewaye shi, kowa na son ya riga ba shi labari. Ba a sami gefen ba.

Bakaniken ya cire fulogi, ya sa ƙarfe ya gwada juya injin, ko motsi. Ya kwanta ya leƙa. Ya tashi yana goge hannu, ya dubi Baba, ya ga idanunsa jajur, ga kuma abin da ake ta faɗa a kansa. Mu a nan ba a gaya wa dattijo mummunan labari tsirara a gaban jama'a. Ko mara lafiya aka je dubawa aka ga ya gama, cewa ake da sauƙi. Mutumin kirki ne, abin da aka koya masa a gida ya yi.

"Baba, kada ka sa damuwa a ranka. Ya buga kam, amma ba abin da ba ya gyaruwa."

"Ta mutu," in ji Baba da ƙarfi. "Kayanta babu su a ƙasar nan. Faɗi gaskiya, ta mutu."

"Haba Baba, ina raye? Ko injin wata motar ne sai in ɗora mata ta tashi. Kai fa ka koya mini ita, har tuƙinta. Wallahi in an sami kaya, ni nan zan tayar da ita."

Aka ce madalla, Allah ya yi albarka, ɗa na gari ke nan. Ni kuwa idona na kan wasu samari biyu da ke tsugune a rumfar rake tun azahar. Ba 'yan ƙauyenmu ba ne. Suna shan rake suna tofar da tuka, kuma lokacin da ake dariya ban ga haƙoransu ba. Da bakaniken ya gama magana ɗayan ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, suka tafi. Baba ya ja bakaniken gida ya gaya masa komai, ya roƙe shi ya bar garin na ɗan lokaci. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai shi a cikin gari yake, kuma in ya rufe gareji yara su ci me. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Aka tura motar gindin wata ɗorawa a gefen kasuwa aka bar ta. Rafi ya kawo, ba wanda ya aiko. Ba a taɓa kowa a ƙauyen ba. Dabarar Baba ta ci, ta wannan gefen. Na ce zan kai shi asibiti a duba kansa, kowa ya ce ya kamata, kuma ba wanda ya tare mu a hanya, don direban da ya ruɗe ba shi da amfani ga kowa. Haka ya dawo gidana da jaka ɗaya. Maƙwabcinmu ya raka mu bakin hanya, abu ɗaya ya faɗa: "Ba su zo sun kwashe tayoyinsu ba. Mutanen nan ba sa barin kayansu."

Kafin a fara girbi aka kira bakaniken a waya, wai motar kaya ta lalace a hanyar Gayam, ya zo da kayan aiki. Ya ce da matarsa ta ajiye masa abinci. Aka tsinci babur ɗinsa a bakin hanya da makulli a jiki, akwatin kayan aikin ne babu. Danginsa suka shiga shirin abin da aka saba, suka sa gona a kasuwa suna jiran waya. Wayar ba ta zo ba. Mutane suka yi ta mamaki, wai wane irin ɗauka ne ba a neman fansa. Ni da Baba ba mu yi mamaki ba, kuma ranar ba mu iya duban juna ba.

Sai labarai suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. An wayi gari babu mota a gindin ɗorawa, sai sawun shanu da na taya sun nufi rafi. An tare wata a-kori-kura a babbar hanya, aka sauke direban da buhunansa aka tafi da motar, daga baya aka same ta cikin ciyawa, komai na nan sai injin. Da rani ya shigo maƙwabcinmu ya zo gari sayar da doya, ya biyo ya gaishe mu. Bai so faɗa ba, Baba ya matsa masa. Ya ce yana gona ya ji ta, can ciki. Muryar injin ta sake, amma gurnanin nan nata in ƙafafu huɗu sun kama, babu mai kama da shi. Na kalli Baba ina jiran ya yi salati. Kafin salatin wani abu ya gilma a fuskarsa, kuma na san shi, murna ce. Ba ta daɗe ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, bai ci abinci ba ranar. Ban yi masa faɗa ba, ni da faɗa ba ya yi mini wuya.

Matar bakaniken ba ta san abin da aka yi a rumfa ba, kuma ba za mu iya gaya mata ba. Abin da ta sani shi ne wani da aka fanso daga daji ya ce ya ga mijinta da rai, yana kwana a gefen wata tsohuwar mota, ana ba shi abinci, ba a dukansa. Wai sun ce masa zai koma gida ranar da motar ta daina amfani. Ita ta riƙe wannan magana hannu biyu. Ni ban san ko in yarda ba. Ban ma san wace addu'a zan yi ba, motar ta mutu ko ta rayu.

Wata safiya matar ta zo gidanmu da goyo, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Baba ta gaishe shi. Na kawo mata ruwa ba ta sha ba. Ta ce an gaya mata duk ƙasar nan ba wanda ya san motar kamarsa, ta san an ce yanzu yana mantuwa, amma ya yi haƙuri ya daure ya tuna.

"Baba, ai tsohuwa ce, ko? Na ce tsohuwar mota a cikin daji, ba gareji ba komai, ba za ta jima ba. Ko zuwa damina mai zuwa?"

Na yi masa ido ya sassauta mata. Ya dubi yaron da ke bayanta, ya dubi hannuwansa. 

"'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba," ya ce. "Za ta jima. Na kula da ita sosai."